Babi na Shida: Shuɗin Harshe, Cutar da Iska Ke Ɗauka

A tsakiyar watan Agusta na shekarar 2006, likitocin dabbobi a kudancin ƙasar Holan, kusa da birnin Maastricht inda iyakar ƙasar ta haɗu da ta Beljiyam da Jamus, suka fara cin karo da tumaki cikin wani hali da ba su saba gani ba. Fuska a kumbure, leɓe ya yi suntum, miyau yana dalala, ga ciyawa a gabansu amma baki ba ya ɗauka. Wasu suna rarrafe da gwiwa domin kofato ba ya takuwa. A garken shanu ma ana ganin gyambo a hanci da kan nono, madara ta ja baya. Da aka kai jini ɗakin gwaji, sakamakon ya girgiza hukumomin ƙasashen uku: cutar shuɗin harshe ce.

Yawancin likitocin nan a littafi kawai suka san ta, a shafin cututtukan ƙasashe masu zafi. Abin da aka koya musu shi ne cutar tana zaune tsakanin layin digiri 40 a arewacin duniya da layin digiri 35 a kudanci, domin ƙwaron da ke yaɗa ta ba ya jure sanyi. Maastricht kuwa tana wajen digiri 51. Ko da cutar ta sake shiga kudancin Turai shekaru takwas kafin nan, akwai ɗaruruwan kilomitoci tsakanin inda ta tsaya da inda ta ɓullo yanzu. Abin da ya ƙara ɗaure kai, nau'in ƙwayar cutar da aka samu, wanda masana ke kira nau'i na 8, ba a taɓa ganin sa a ko'ina cikin Turai ba. Kafin shekarar ta ƙare ya shiga gonaki kimanin 2,000 a Holan, Beljiyam, Jamus, Faransa da Luksamburg.

Ƙwayar cutar bairas ce, kuma wurin da take yi wa ɓarna shi ne siririyar shimfiɗar da ke cikin ƙananan jijiyoyin jini. Wanda ya gane wannan ya gane duk alamomin. Idan shimfiɗar ta lalace, ruwan jini yana tsiyayewa cikin nama, sai fuska da kunnuwa da ƙasan haɓa su kumbura. A wasu jijiyoyin kuma jini ne ke daskarewa ya toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa abinci ya mutu, shi ne gyambon da ake gani a dasashi da cikin kunci. Kwana huɗu zuwa takwas bayan cizon ƙwaro zazzaɓi yake tasowa, yakan kai digiri 41 ko 42. Majina ta fara da ruwa-ruwa, ta yi kauri, ta bushe ta toshe hanci. Bayan 'yan kwanaki sai wani jan zobe ya fito a daidai inda gashi ya haɗu da kofato, mai zafi ƙwarai, tunkiya ta tsaya da baya a gantsare ko ta kwanta ta ƙi tashi. Harshen da cutar ta samo suna daga gare shi, wanda ke kumbura ya yi shuɗi ya leƙo waje, a dabbobi kaɗan ake ganin sa, saboda haka mai jiran sai ya ga shuɗin harshe kafin ya yi zargin cutar, tana iya gama garkensa bai gane ta ba. Waɗanda ke mutuwa da wuri, ruwa ne ke cika musu huhu. Waɗanda suka tsallake kuma sukan daɗe a rame, gashinsu ya kakkarye, rago ya yi makonni ba ya iya ba da ciki. A tumakin da ba su da garkuwa, mace-mace kan kama daga kashi 2 zuwa kashi 30 cikin ɗari, a mummunar ɓarkewa har kashi 70.

Cutar ba ta kama mutum, ko ta nama ko ta madara. Kuma a mafi yawan nau'o'inta, tunkiya mai ciwo ba ta shafa wa ta kusa da ita ko da kwano ɗaya suke sha. Dole sai da ɗan aike a tsakani. An shafe shekaru masu yawa kafin a gano ko wane ne.

Labarin ya faro ne daga can ƙarshen kudancin Afirka. Mutanen Khoikhoi sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon tumakinsu masu kitsen wutsiya a yankin Cape, ga kuma dabbobin dawa iri-iri suna kiwo a fili ɗaya, kuma ƙwayar cutar tana yawo a jininsu ba tare da ta zama abin magana ba. A 1789 aka sauke 'yan tumaki ƙalilan na irin Merino, 'yan asalin Sifen masu lallausan ulu, kuma cikin ƙarni na 19 ulu ya zama babbar hajar da yankin ke fitarwa. Da baƙin tumakin suka yawaita, sai wani zazzaɓi ya riƙa kwashe su duk ƙarshen damina, musamman a kwari da bakin rafi. Manoman sun lura da abubuwan da kimiyya ta zo ta tabbatar daga baya: garken da aka hau da shi tudu yana tsira, wanda ake kullewa a rumfa da dare yana tsira, kuma da zarar sanyin farko mai daskarar da raɓa ya sauka, ciwon ya ɗauke. Duncan Hutcheon, babban likitan dabbobi na gwamnatin Cape, ya rubuta bayanin ciwon a rahotonsa na 1881, sannan a 1905 James Spreull ya yi masa cikakken bayani da sunan da manoma ke kiran sa, wato shuɗin harshe.

Wannan farkon labari shi ne ginshiƙin fahimtar cutar har yau. Ƙwayar ba sabuwa ba ce, tsohuwar 'yar gida ce a Afirka. Abin da ya zama sabo shi ne dabbar da aka kawo mata. Duk wata babbar annobar shuɗin harshe da aka yi tun daga lokacin, idan aka tona, haɗuwa ce tsakanin ƙwayar da dabbar da ba su taɓa sanin juna ba: ko an kai dabbar inda ƙwayar take, ko ƙwayar ta sami hanyar zuwa inda dabbar take.

Mutumin da ya fara kama bakin zaren shi ne Arnold Theiler, likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwizalan da ya isa Afirka ta Kudu a 1891. Bai daɗe da zuwa ba injin yankan harawa ya cire masa hannun hagu a wata gona, amma da hannu ɗayan ya yi aikin da ya sa har yau ake kiran sa uban ilimin likitancin dabbobi na ƙasar, kuma shi ya kafa cibiyar bincike ta Onderstepoort kusa da Pretoria a 1908. A 1906 Theiler ya nuna cewa abin da ke haddasa ciwon yana ratsa matatar da ke tare ƙwayoyin bakteriya, wato ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Daga nan ya ɗauki jinin wata tunkiya mai ciwo ya sa wa wata, ya ɗauki na wannan ya sa wa ta gaba, haka bi da bi, har ya sami jinin da ke sa ɗan zazzaɓi kawai amma ya bar dabba da garkuwa. Wannan jini shi ne rigakafin farko, kuma an yi kusan shekara 40 ana amfani da shi, aka yi wa miliyoyin tumaki.

Sai dai manoma sun yi ta kawo kuka: an yi wa garke allura bara, ga shi bana ya kamu. An daɗe ana ɗora laifin a kan yadda aka ajiye maganin ko yadda aka yi allurar, har zuwa 1948 da W. O. Neitz, shi ma a Onderstepoort, ya nuna cewa manoman ne ke da gaskiya. Ƙwayar ba iri ɗaya ba ce. Garkuwar jiki tana gane ta ne da wani sinadari da ke lulluɓe da bayanta, kamar yadda mai gadi ke gane mutum da rigarsa, kuma kowane nau'i da irin tasa rigar. Tunkiyar da ta warke daga nau'i ɗaya ta tsira daga shi, amma idan wani ya zo da wata riga, sai ya wuce ba a tare shi ba. Nau'o'in da aka daɗe da sani 24 ne, an kuma ƙara gano wasu daga baya, kamar na 25 a awakin Suwizalan da na 26 a Kuwait. Shi ya sa rigakafin da Afirka ta Kudu ke yi yanzu kwalba uku ne, kowace da nau'i biyar, ana yin su mako uku-uku a tsakani. Akwai kuma wani abu da ya ƙara dagula lissafi. Kundin halittar ƙwayar a gutsure yake gida goma, don haka idan nau'i biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya, suna iya musayar gutsattsarin, a sami sabon haɗi mai halin da ba na wannan ba, ba na wancan ba.

Ɗan aiken kuwa sai a 1944 René du Toit ya bayyana shi. An zargi sauro, an zargi kaska, ashe wani ƙwaro ne da ido ke rainawa, irin ƙyashin nan da ke addabar mutum da dabba da almuru a bakin fadama, wanda masana ke kira Culicoides. Tsawonsa milimita ɗaya zuwa uku ne, yana ratsa gidan sauro na yau da kullum ba tare da wahala ba. Akwai irinsa fiye da 1,400 a duniya, amma kusan 30 ne kawai aka sani da yaɗa wannan cuta, kuma a Afirka babbansu shi ne Culicoides imicola. Macen ce ke cizo, domin tana bukatar jini kafin ta yi ƙwai. Ba a cikin ruwa tsundum take zuba ƙwan ba kamar sauro, a ƙasa mai dausayi ce wadda ta gauraya da kashin dabbobi: gefen tafki, bakin rijiyar shayarwa, inda kwamin ruwa ke yoyo, turken da ba ya bushewa. Wani ɗan'uwansa a kudancin Afirka ma cikin kashin shanu yake hayayyafa kai tsaye. A shekarar da ruwa ya yi yawa, tarkon fitila guda a Afirka ta Kudu ya taɓa kama fiye da miliyan ɗaya a dare guda.

Idan macen ta sha jinin dabba mai ɗauke da ƙwayar, ba nan take take iya yaɗawa ba. Sai ƙwayar ta ratsa hanjinta, ta hayayyafa, ta isa inda miyau ke fitowa, kuma saurin wannan tafiya zafin gari ne ke yanke shi. A yanayi mai zafi kwanaki kaɗan sun isa. Idan gari ya yi sanyi yakan kai mako uku, alhali yawancin ƙwarin ba sa rayuwa fiye da mako biyu zuwa uku. Ƙasa da digiri 12 kuwa ƙwayar kusan tsayawa take cik. Ke nan ƙarin zafi na digiri biyu ko uku yana iya raba shekarar da ƙwaro zai mutu kafin ya zama haɗari da shekarar da zai zama haɗari tun yana da sauran kwana. Da zarar ya kamu, ya kamu har mutuwarsa, kuma cizo ɗaya ya isa.

Shanu ne ma'ajiyar da ba a gani. Ƙwaron ya fi son jininsu, su kuma galibi ba sa nuna ciwo, amma ƙwayar tana maƙalewa a jikin jajayen ƙwayoyin jini inda garkuwa ba ta cim mata da sauri, ta yi makonni tana zagayawa. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya, mai hedikwata a Paris, kwana 60 take lissafawa a matsayin tsawon lokacin da dabba za ta iya ba ƙwaro cutar. Saniya lafiyayya a ido tana iya hawa mota ta ƙetare ƙasa da ƙwayar a jikinta. Ƙwaron shi ma matafiyi ne. Da fikafikansa ba ya wuce 'yan kilomitoci, amma idan iska mai ɗumi da laima ta ɗaga shi sama, takan kai shi ɗaruruwan kilomitoci a dare ɗaya, musamman a kan teku inda babu abin da zai tare ta.

Har zuwa shekarun 1940 ana ɗaukar shuɗin harshe a matsayin ciwon Afirka kaɗai. A 1943 ya ɓarke a tsibirin Saifurus. A 1948 aka ga wani ciwon baki a tumakin jihar Texas ta Amurka, a 1952 aka tabbatar a Kalifoniya cewa shi ne. A 1956 ya faɗa Fotugal da Sifen, ya kashe tumaki kimanin 179,000 cikin 'yan watanni, kuma wannan asara ce ta sa ƙasashe suka sanya shi cikin manyan cututtukan da ake rufe iyaka dominsu. Daga 1998 abin ya sauya salo. Nau'o'i daban-daban suka riƙa shigowa kudancin Turai, wasu daga gabas ta tsibiran Girka, wasu daga Tunisiya da Aljeriya da Maroko ta kan Bahar Rum zuwa Sardiniya da Kosika da Sifen, kuma zuwa 2005 tumakin da suka mutu ko aka kashe sun haura miliyan ɗaya. Masana da dama sun danganta wannan da ɗumamar yanayi, ganin yadda aka riƙa kama Culicoides imicola a wuraren da ke arewa da inda aka san shi.

Amma a Maastricht babu imicola ko ɗaya. Ƙwarin da suka yaɗa nau'i na 8 'yan gida ne, irin waɗanda suka daɗe suna cizon shanun Holan da Jamus ba tare da kowa ya ɗauke su da muhimmanci ba. Watan Yuli na 2006 ya kasance mafi zafi da aka taɓa aunawa a yankin zuwa lokacin, kaka ma ta zo da ɗumi, sai ga shi ƙwarin da ake ganin ba za su iya ba sun iya.

A nan ne sunan Nijeriya ya shigo labarin. Da masana a cibiyar Pirbright ta Ingila suka karanta kundin halittar ƙwayar da aka samu a Holan, suka gwada shi da duk samfuran da ke ajiye a wurinsu, sai suka ga a gutsuren da ke tantance nau'i, wanda ya fi kusa da ita shi ne wani samfuri da aka ɗauka a Nijeriya a 1982, da kamanni na kusan kashi 97 cikin ɗari. Dole a yi hattara da abin da wannan ke nufi. Bai nuna cewa daga Nijeriya cutar ta tashi ta je Turai ba, kuma duk binciken da hukumomin Turai suka yi, na dabbobin da aka shigo da su, da dawaki, da jiragen kaya, bai gano hanyar da ta bi ba. Abin da ya nuna shi ne asalin zuriyarta daga Afirka kudu da Sahara ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tazarar shekarun. Daga 1982 zuwa 2006 shekara 24 ne, kuma a duk faɗin yankinmu dangi mafi kusa da aka iya samu a ajiye shi ne wannan tsohon jini. Ƙwayar ba ta daina yawo a garkunanmu ba a tsawon wannan lokaci. Ɗibar samfuri da karanta shi ne ya yi ƙaranci.

An sa rai sanyin hunturu zai kashe cutar a Turai, bai kashe ta ba. A 2007 ta dawo da ƙarfin da ya ninka na farko, ta shiga dubun dubatar gonaki, ta kai Denmak da Suwizalan, a watan Satumba aka gano ta tsallaka teku zuwa yankin Suffolk na Ingila, ta hanyar iska kamar yadda masu nazarin yanayi suka lissafa. Wannan nau'i ya zo da halaye biyu da ba a saba da su ba: yana kwantar da shanu, kuma yana ratsa mahaifa ya kama ɗan tayi. Aka riƙa samun ɓari, da 'yan maruƙan da aka haifa ƙwaƙwalwarsu ta zama ruwa, ba sa gani, ba sa iya kama nono. A Holan kaɗai an ƙiyasta asarar 2007 tsakanin yuro miliyan 164 zuwa 175. Abin da ya kashe wutar shi ne rigakafi da matacciyar ƙwaya da kamfanoni suka fitar a 2008, aka yi wa miliyoyin dabbobi, a ƙasashe da yawa bisa tilas. An guji irin rigakafin mai rai na Afirka ta Kudu ne domin an san illarsa: tun a shekarun 1950 an ga yadda irinsa ya lalata ƙwaƙwalwar 'yan tumaki a Kalifoniya da aka yi wa iyayensu suna da ciki, kuma ƙwaro na iya ɗaukar ƙwayar rigakafin ya yaɗa ta.

Bayan an yi shekaru ana ganin an rabu, a 2015 nau'i na 8 ya sake ɓullowa a tsakiyar Faransa. Irin wannan ƙwaya tana sauya kamanni kaɗan-kaɗan duk shekara muddin tana yawo, amma wadda ta dawo kusan daidai take da ta shekarun 2007 da 2008, kamar lokaci bai wuce a kanta ba. Masu bincike a Jami'ar Glasgow da abokan aikinsu suka wallafa a 2020 cewa bayanin da ya fi dacewa shi ne ta kwana ne a daskare, wataƙila cikin maniyyin bijimi da aka adana domin barbara ta allura. A watan Satumba na 2023 kuma wani nau'in dabam, na 3, ya ɓarke a tsakiyar Holan, ya fi na 8 tsanani a kan tumaki, ya kashe dubun dubata kafin rigakafinsa ya fito a 2024, kuma a shekarar ya mamaye Jamus, Beljiyam, Faransa, Denmak da Ingila.

Dabbobin dawa ma tsarin bai canza ba. Ɓauna da barewa da danginsu na Afirka ana samun shaidar kamuwa a jininsu, amma da wuya a ga mai ciwo. A Arewacin Amurka kuwa barewar nan mai farar wutsiya da tumakin duwatsu suna mutuwa da ita da 'yar'uwarta mai sa zubar jini, akan tsinci gawarwakinsu a bakin ruwa a ƙarshen bazara, inda zazzaɓi ya kora su. Har masu cin nama ba su tsira ba: an sami shaidar kamuwa a zakuna da kuraye a Afirka, kuma a lokacin annobar Turai wasu manyan kyanwoyin daji sun mutu a wani gidan namun daji na Beljiyam bayan an ciyar da su 'yan tayin dabbobi daga gonakin yankin.

A ƙasashenmu ƙwayar tana nan, kuma an daɗe da sani. Masu bincike a Jami'ar Ibadan sun ware ta daga jikin ƙwarin da suka kama tun wajen shekarar 1970, kuma gwaje-gwajen jini da aka yi a Nijeriya tun daga lokacin, ciki har da na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, sun sha nuna cewa kaso mai yawa na shanu da tumaki da awaki sun taɓa kamuwa. Duk da haka makiyayi zai lissafa maka boru da sammore da ciwon huhu da hanta, da wuya ya ambaci wani ciwo mai wannan kama. Dalili biyu ne. 'Yankasa da Uda da Balami zuriyar tumakin da suka rayu da ƙwayar ne tun kaka da kakanni, kuma jikinsu yana jure ta. Sannan inda ƙwaro ke cizo duk shekara, uwa tana da garkuwa, tana ba ɗanta ta cikin dakashi, shi kuma yana haɗuwa da nau'o'in ɗaya bayan ɗaya tun yana ƙarami, ya gina tasa. Wannan juriya dukiya ce da ba a rubuta ta a farashin rago a kasuwa, kuma ina ganin ba mu ba ta darajar da ta kamata ba.

Inda za a gane darajarta shi ne ranar da aka kawo baƙo. Masu wasan folo sun riga sun ga irin wannan a dawaki: cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙwayarta 'yar'uwar ta shuɗin harshe ce kuma ƙwaro ɗaya ke yaɗa su, takan kashe dokin da aka sayo daga Ajantina da tsada, ta bar dokin gida a tsaye. Yau da masu hali ke shigo da shanun madara da tumaki da awaki daga waje domin inganta iri, abin da ya faru da Merino a Cape yana iya faruwa a kowace gona. Dabbar da ta taso inda babu ƙwayar, aka sauke ta a ƙarshen damina kusa da fadama, an kai ta ne daidai lokacin da ƙwaro ya fi yawa. Mai niyyar shigo da irin wannan dabba gara ya saukar da ita cikin hunturu, ya nisanta turkenta daga dausayi, ya gyara duk inda ruwa ke yoyo, ya kwashe kashi, ya shigar da ita rumfa kafin faɗuwar rana. Mai sayen daskararren maniyyi kuma ya nemi takardar gwajin bijimin.

Akwai kuma matsalar kama da wane. Tunkiya mai zazzaɓi da majina da gyambon baki, yawanci PPR za a ce, wato annobar nan ta awaki da tumaki da duniya ta ɗauri aniyar kawarwa nan da 2030, ko kuma a ce boru. Akwai bambanci ga mai lura. PPR ta fi kayar da awaki kuma tana zuwa da zawo mai tsanani. Boru yana yin ƙuraje masu ruwa, yana bin garke ta cuɗanya, shanu ne kan gaba wajen jin jiki. Shuɗin harshe kuwa tumaki yake zaɓa, ya kumbura fuska, ya yi jan zobe a saman kofato, ya zo a ƙarshen damina. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai gwajin jini, kuma duk garken da aka yi wa rigakafin PPR sannan ya nuna irin waɗannan alamu ya cancanci a ɗebi jininsa, kada a ce allurar ce ba ta yi ba. Ciwon ba shi da magani na kai tsaye, jinya ce: inuwa, domin rana tana tsananta shi, ruwa a kusa, abinci mai laushi kamar jiƙaƙƙiyar dusa da ɗanyen ganye, hutu daga tafiya kiwo, da maganin kumburi da na cututtukan da ke biyo baya daga hannun likita. A kiyayi yi wa dabbar ɗura da ƙarfi, domin maƙogwaronta ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura yana iya zarcewa huhu. Allura ɗaya kuma kada ta zagaye garke, tana iya ɗaukar jini daga wannan zuwa wancan.

Rigakafi ba zai yi amfani ba sai an san nau'o'in da ke yawo a wuri, tunda na wani ba ya kare wani, kuma hanyar sanin ba mai tsada ba ce. Ostireliya ta gano tana da ƙwayar a 1977, daga ƙwarin da aka kama kusa da birnin Darwin, kuma nan da nan ƙasashe suka fara rufe ƙofa ga dabbobinta. Abin da ta yi shi ne ta ware ƙananan garkunan 'yan maruƙa a wurare daban-daban na ƙasar, waɗanda ba su taɓa kamuwa ba, ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci, ga tarkon fitila a gefe yana kama ƙwari. Daga sakamakon ake zana taswirar da ke nuna inda ƙwayar take, da nau'in da ke wurin, da inda babu ita, ana sabunta ta idan iyakar ta motsa. Da wannan taswira take sayar da shanu da tumaki masu rai ga ƙasashen da ke sharaɗin sai daga yankin da babu cutar.